Harbi a Wutsiya: Babbar Bindiga da Dajin Gundumi

Hausawa na cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. Maganar ta yi daidai idan zomo ko gada ake bi. Amma maharbin da ya taɓa tsayawa gaban ɓauna ya san inda karin maganar ya gaza. Ɓaunar da aka kuskure takan gudu ta bar ka. Wadda aka raunata kuwa takan shige duhuwa ta laɓe, ta jira mai bin sawunta. Saboda irin wannan dabba, da giwa da zaki da dorina, aka ƙera manyan bindigogin farauta, waɗanda ake so harbinsu ɗaya ya raba gardama. Tarihin irin wannan bindiga a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo tarihi ne na tambaya guda: wa aka yarda ya saya, wa aka hana?

Gabas da waɗannan garuruwa, a kan hanyar Isa da Zamfara, akwai dajin Gundumi. A ƙarni na 19 matafiya sun san shi da abu biyu, ƙishirwa da 'yan hari. Baturen Ingila Hugh Clapperton, wanda aka sani da Abdullahi, ya ratsa shi a 1824 yana nufin Sakkwato. Da ya isa gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin tsarabar da ya miƙa har da bindigogi biyu masu faɗin baki da aka yi wa ado da azurfa, da ƙananan bindigogin hannu masu baki biyu. Bayan shekara 29, Bajamushe Heinrich Barth, wato Abdulkarim, ya ratsa dajin nan a tafiyar da ta haura yini da kwana ba hutu, don tsoron Gobirawa. A farkon Afrilu na 1853 ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu, kusa da Wurno, garin da Bello ya kafa ribaɗi kuma aka binne shi a 1837. Shi ma ƙananan bindigogi masu adon azurfa ya kawo. Ta ƙofar fada bindiga mai kyau ta shigo wannan ƙasa, a matsayin kyautar sarakuna.

A wajen fada kuwa bindiga abar marmari ce. A 1826 Clapperton ya dawo, ya ga yaƙin da rundunar Bello ta kai wa Gobirawa a birnin Konya. Cikin dubun-dubatar mayaƙa, bindigogin da ya lissafa arba'in ne da 'yan kai. Sauran duk mashi ne da takobi da kwari da baka. Idan rundunar Sarkin Musulmi ke nan, ina ga maharbin ƙauye?

Shi maharbi, ko mahalbi kamar yadda Sakkwatawa ke faɗi, ba da ƙarfin makami yake taƙama ba. Abin dogaronsa sanin daji. Yana karanta sawu, yana lura da inda iska ta dosa, yana ɗaura burtu a ka ya yi rarrafe har ya kusanci garke. Kibiyarsa ƙarama ce, amma an shafa mata dafin kwankwani, wanda ke tsayar da zuciyar dabba. Sana'ar tana da shugaba, Sarkin Baka, kuma sunan sarautar kansa ya nuna makamin da aka gina ta a kansa. Maharbi yana da nasa asirai da kirari da tsarin rabon nama. Shi ake nema idan kura ta addabi awaki ko damisa ta fara ɗaukar maruƙa a ruga.

Da cinikin kogin Kwara ya bunƙasa a rabin ƙarshe na ƙarnin, bindigogi suka fara hawowa Arewa ta Nupe da Ilori, ban da waɗanda fatake ke kawowa ta Sahara daga Tarabulus. Mafi yawansu adaka ce, mai dogon hanci, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a daka da sanda, sannan ƙanƙara ta kyasta wuta. Turawa na kiran ta da sunan mutanen Denmak, ko da yake an ƙera ɗimbinsu a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam, musamman don kasuwar Afirka. Arha gare ta, kuma aikinta aikin arha ne. Ba ta kai harbi nesa, tana ƙin tashi da damina, wani lokaci ma hancinta ya fashe a hannun mai ita. Wani sunan da ake kiran irinta da shi ya isa bayani: harba-ka-ruga.

Irin wannan bindiga ba ta iya kada giwa da harsashin gubar dalma. Sai maharban Hausa suka yi mata dabara, suka haɗa tsohon sani da sabon makami. Maimakon harsashi, sai a cusa mata sango, wato gajeren mashi mai kaifi da aka laɓta wa dafi. Albarushi ya tura shi ya huda fata, dafi ya ƙarasa aikin, maharbi ya bi sawu har inda giwa ta faɗi. 'Yan sango na tafiya nesa, har Adamawa, inda mafi yawan hauren giwar da ke ratsa kasuwar Kano zuwa Tarabulus ke fitowa. Wannan ita ce babbar bindigar Bahaushe, kuma rabin ƙarfinta daga itacen daji ya fito.

A daidai wannan zamani Turawa sun bi wata hanya dabam, wato ƙara girman baki. Maharba irin su Frederick Selous a kudancin Afirka sun yi aiki da bindigar da ake kira mai lamba huɗu. Ma'anar lambar ita ce, idan aka raba laba ɗaya ta dalma gida huɗu, kashi ɗaya shi ne harsashi guda, kimanin giram 113. Bugun da take yi wa kafaɗar mai harbi kan jefar da mutum ƙasa, hayaƙinta kuma ya rufe masa ido a lokacin da ya fi bukatar gani. Da aka samo albarushi marar hayaƙi sai lissafi ya canza. A 1898 kamfanin John Rigby na Landan ya fito da harsashin .450 Nitro Express, sai .416 Rigby a 1911, sai .375 H&H na Holland & Holland a 1912. Waɗannan lambobi faɗin harsashi ne a ma'aunin inci; .375 kimanin milimita tara da rabi ke nan. Har yau, a ƙasashe irin su Tanzaniya, doka ba ta yarda a tunkari ɓauna ko giwa da abin da ya gaza wannan ba. Masu hali sukan zaɓi mai baki biyu, don harbi na biyu ya biyo na farko ba tare da ɗura ba, kuma sabuwarta ƙirar hannu a Landan takan haura fam 100,000. Duk da haka girman baki bai maye gurbin sani ba. W.D.M. Bell, wanda ya kashe giwaye fiye da 1,000, yawancinsu da ƙaramar bindiga mai milimita 7 ya harbe su, saboda ya san daidai inda ƙwaƙwalwar giwa take.

Ko da maharbin Rabah yana da kuɗin irin wannan bindiga, ba zai same ta ba. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Burusel, wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, aka bar musu adaka da albarushin kasuwa. Hujjar da aka bayar ita ce yaƙi da cinikin bayi. Amfanin abin ya fito fili ranar 15 ga Maris 1903 a filin Giginya, lokacin da dawakin Sarkin Musulmi Attahiru suka fuskanci bindiga mai ruwa. Tsoron Turawan mulki ya kai har ga nasu maharban. A farkon ƙarni na 20 Ingila ta hana shigar da harsashi mai faɗin .450 Indiya da Sudan, don kada ya faɗa hannun masu tawaye da ke riƙe da tsofaffin bindigogin soja masu wannan faɗi. Hanin ne ya sa maƙeran Landan suka ƙirƙiro .470.

Bayan cin ƙasa sai doka ta shiga daji. Dokar kare namun daji ta 1916 ta sa harbin manyan dabbobi ya koma sai da lasin, abin da ya fi sauƙi ga jami'in Bature fiye da talaka. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Na soja sai da izinin shugaban ƙasa, na farauta irin na zamani sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka kuma izinin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A 1963, lokacin da ɗan Rabah, Sardauna Ahmadu Bello, ke Firimiyan Jihar Arewa, aka yi wa Arewa tata dokar namun daji.

Sai dai dokokin sun tarar da daji ya fara yin wayam, kuma bindiga ba ita kaɗai ta jawo ba. Annobar bushiya da ta ratsa Afirka wajen 1890 ta kashe shanu ba iyaka, ta haɗa da ɓauna da dangoginta. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci saura, aka sare itatuwa don girki. Farin 1973 da na 1984 suka ƙone abin da ya rage. Madatsar ruwan Goronyo, da aka gina a kan Gulbin Rima a shekarun 1980, ta mayar da fadama filin shinkafa da albasa da tafarnuwa. Yau wanda ke son ganin giwar daji a Arewa, Yankari zai nufa, can Jihar Bauci. Zakunan da suka rage a Nijeriya kaɗan ne, a Yankari da dajin Kainji. Yaron Wurno ya san ɓauna a kirari da tatsuniya.

Bindigar zamani ta shiga Gundumi daga ƙarshe, bayan manyan dawa sun ƙare. Ba ta biyo ta ofishin lasin ba. AK-47 harsashinta milimita 7.62 ne, bai kai na bindigar giwa ba, bai ma kai faɗin bakin adaka ba, amma tana ɗaukar 30 a ɗura guda, kuma ba don dabba aka ƙera ta ba. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a yankin Gandi na Rabah, suka kashe mutum fiye da 30. A watan Oktoba na 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, aka rasa rai fiye da 40. Dajin da Barth ya ratsa da sassarfa don tsoron mahara ya koma abin da yake a 1853, sai dai makamin maharan ne ya canza.

Idan hari ya zo, jikokin maharba na cikin waɗanda ake kira su shiga sintiri, domin su suka san hanyoyin daji. Da yawansu da adaka suke fita, irin wadda yarjejeniyar 1890 ta bar wa kakanninsu. Wasu na ganin mafita ita ce a ba kowa babbar bindiga, kamar yadda gwamnatin Zamfara ta taɓa kiran jama'a su nemi lasin a 2022. Tarihin nan bai goyi bayan wannan gaggawa ba. Bindigar da ta shiga daji ba ta komawa inda ta fito, kuma ba ta tambayar wanda ya gaje ta. Abin da ya nuna shi ne, shekara 130 da ɗoriya ana tsare ƙofar mai neman izini, an bar tagar mai fasa-ƙwauri a buɗe. Aikin hukuma yana wajen tagar nan, a kan iyaka da kasuwannin ɓoye da hanyoyin harsashi. Maharbin da yake tsaye a bakin gari da dare, da bindiga mai harbi ɗaya, ya san abin da kakansa ya sani a gaban ɓauna: bayan harbin farko, sai abin da Allah ya yi.