Inuwar Zawali da Ƙidayar Kwanaki a Ƙasar Kura

Kafin zuwan agogo, malaman Kura da Bunkure da inuwa suke gane lokacin salla. Idan inuwar mutum ta ƙaru da ƙafa bakwai bisa ta zawali, la'asar ta yi. Ita kuwa inuwar zawali takan ɓace sarai a wannan yanki sau biyu a shekara, wajen 21 ga Afrilu da 22 ga Agusta. Ashe inuwa kalanda ce kuma. Da irin wannan lissafi Misirawan dā suka gina Abu Simbel, inda hasken rana ke shiga ƙuryar ginin ran 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba. Tun da madatsar Tiga ta 1974 ta kawo noman rani, duban sama ya ragu, ilmin kuwa yana neman bin dattawa.