Sunan Harafi da Sautinsa a Ajin Hausa: Martani ga Masu Cewa a Jingine Sunaye

1.0 Gabatarwa

A bitocin horar da malaman firamare na 'yan shekarun nan akwai wata ƙa'ida da ake nanatawa har ta zama kamar ba ta karɓar ja: kada a koya wa mai fara karatu sunan harafi, a koya masa sautinsa kawai. Malamin da ya nuna b ya ce "ba", sai a tsayar da shi, a ce ya datse wasalin. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ƙa'idar ta gano cuta ta gaskiya amma ta ɗora laifin inda bai dace ba, kuma a ajin Hausa ne wannan kuskure ya fi fitowa fili.

Ba za a sake tayar da muhawarar ko ya kamata a koyar da dangantakar harafi da sauti a tsare ba, domin an daɗe da rufe wannan babi (Chall 1967, Adams 1990, Rose 2006). Sananne ne kuma cewa yaran da rubutun harshensu ke tafiya da furuci suna kama karatu da sauri fiye da masu fara karatu da Ingilishi (Seymour, Aro da Erskine 2003), kuma bokon Hausa yana cikin wannan rukuni duk da bai nuna karin sauti da tsawon wasali ba. Gwaje-gwajen karatu da aka yi a Bauchi da Sakkwato, waɗanda suka share fage ga aikin binciken koyar da karatu na RARA na 2014 zuwa 2015 da littattafan Mu Karanta!, sun nuna yadda yara da yawa ke kaiwa aji biyu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Tambayar da ta rage ƙarama ce amma tana da nauyi: a makonnin farko, me malami zai kira harafin da ya rubuta a allo?

2.0 Matsayin McGuinness

Cikin masu adawa da sunaye, Diane McGuinness (2004) ce ta fi tsara hujjarta, don haka da ita za a yi. Hujjar tana da rassa uku. Na farko, tun binciken Bond da Dykstra (1967) aka lura cewa yaron da ya san sunayen haruffa kafin shiga aji ɗaya yakan fi iya karatu daga baya, amma wannan a ganinta alama ce ta irin gidan da yaron ya fito, ba dalili ba ne. Samuels (1972) ya koyar da sunaye bai ga karatu ya ƙaru ba. Na biyu, suna gaɓa ce cikakkiya, alhali harafi yana wakiltar ƙwayar sauti, don haka sunan yana cusa wa yaro wasalin da ba ya cikin kalmar. Na uku, lokacin aji kaɗan ne, kuma ba wa yaro abu biyu ya riƙe a kan siffa ɗaya ninka masa nauyi ne.

Reshe na farko shi ne mafi rauni. Ehri (1983) ta nuna cewa gwajin da bai haɗa suna da sauti ba ba zai iya gano amfanin suna ba. Da aka yi gwajin yadda ya kamata, sakamakon ya canza. Treiman da abokan aikinta (1998) sun tarar cewa yaran Amurka sun fi saurin kama sautin harafin da sunansa ya fara da wannan sauti, kamar b da d, sannan wanda sautin ya zo a ƙarshen sunansa, kamar f da m, kuma sun fi shan wuya da wanda sunansa bai ɗauke da sautinsa ba, kamar w da y. Share (2004) ya koya wa yara masu jin Ibrananci sunayen wasu alamomi, ya ga sunan da ke ɗauke da sauti ya sauƙaƙa koyon sautin. Abin da waɗannan suka nuna shi ne sunaye ba duka ba ne ɗaya. Akwai mai shiryarwa, akwai mai ɓatarwa.

3.0 Wane suna ake magana a kai?

Nan ne ya kamata manazarcin Hausa ya tsaya, domin yaron da ke zaune a aji ɗaya a Gusau ko Azare yana iya haɗuwa da jerin sunaye iri biyu a kan haruffa iri ɗaya. Akwai na waƙar haruffan Ingilishi da ake rerawa a nazare da gidaje, akwai kuma namu na a, ba, ca, da, wanda daga cikinsa aka sami kalmar abacada.

A dubi abin da jerin Ingilishi ke yi wa rubutun Hausa. Sunan a shi ne "e", wanda a Hausa wasali ne daban. Sunan e shi ne "i", shi ma wasali ne daban. Sunan i "ai" ne, na u kuma "yu". Ke nan huɗu daga cikin wasulanmu biyar suna ɗauke da sunan da ke nuna wani wuri. A ɓangaren baƙaƙe, c ana kiransa "si" alhali aikinsa a Hausa shi ne na farkon ciki da cokali. G ana kiransa "ji" alhali shi ne na gida. Y ana kiransa "wai", wato sunansa ya fara da sautin w. Yaron da aka ɗora a kan wannan jeri, in aka ajiye masa gida a gabansa, abin da zai fito daga bakinsa shi ne "ji, ai, di, e", kuma ba wata hanya daga nan zuwa kalmar da ya sani tun yana goye. In aka yi masa shifta aka ce ya rubuta ji, yana da dalilin rubuta g. In aka ce wai, ya rubuta y. Treiman, Weatherston da Berch (1994) sun ga irin wannan kuskure na y a madadin w a rubutun yaran Amurka. Bayan wannan, waƙar tana ɗauke da p, q, v da x waɗanda kalmomin Hausa na asali ba su buƙata, ba ta kuma san da ɓ, ɗ, ƙ, 'y, sh da ts ba.

Idan wannan jeri ake nufi, to McGuinness ta yi gaskiya, kuma gaskiyarta ta fi ƙarfi a nan fiye da ƙasar da ta yi rubutu dominta. Amma jerin Hausa gini ne daban. Kowane wasali sunansa shi ne sautinsa. Kowane baƙi sunansa yana farawa da sautinsa, a bi shi da a. Babu ko ɗaya da ya kauce wa wannan tsari, har da masu ƙugiya da tagwaye: ɓa, ɗa, ƙa, sha, tsa, kya, gwa. Wato dukkan baƙaƙenmu sun faɗa cikin rukunin da binciken Treiman ya nuna ya fi sauƙin koyo. Hana malami amfani da su saboda illar da aka gani a sunayen wani harshe, a ganina, shan magani ne don ciwon maƙwabci.

4.0 Inda hujjar abokiyar hamayya ta fi ƙarfi

Reshe na biyu bai faɗi da wannan ba, kuma dole a ba shi haƙƙinsa. Mai bin McGuinness zai ce: ba ɗin ma gaɓa ce. Yaron da ya riƙe cewa b shi ne "ba", in ya ga bi zai ce "ba-i". In ya ga kifi zai ce "ka-i-fa-i". A shifta kuma zai rubuta dg yana nufin daga, domin a kunnensa kowane baƙi ya riga ya zo da wasalinsa. Tun da a shi ne wasalin da ya fi yawa a kalmomin Hausa, wannan ɗabi'a za ta daɗe ba a gano ta ba, saboda yaron zai yi ta cin sa'a a kalmomi irin su nama da tafasa.

Duk malamin da ya koyar da aji ɗaya ya san wannan na faruwa. Amma akwai amsa biyu. Ta farko ta shafi furuci. Baƙaƙe irin su m, n, s, z da f ana iya jan su su kaɗai, yaro ya ji. Tsayau irin su b, d, t, k da g ba sa jawuwa. Sautinsu yana fitowa ne a lokacin da ake sakin iska zuwa ga wasalin da ke biye. Haɗiyau ɓ da ɗ sun fi haka wuya. Malamin da aka ce ya furta ɓ zalla a ajin da ya cika maƙil, ko dai na baya ba za su ji komai ba, ko kuma ya ƙara wani guntun wasali marar kan gado don a ji shi. Ke nan zaɓin da ke gabansa ba tsakanin suna da tsantsar sauti ba ne. Tsakanin wasalin da yaro ya sani ne da wasalin da babu shi a harshensa. Tun Liberman da abokan aikinta (1974) aka san cewa ƙananan yara sun fi iya rarrabe gaɓoɓi fiye da ƙwayoyin sauti, don haka farawa daga abin da kunne ya riga ya kama ba ragwanci ba ne.

Amsa ta biyu ita ce, hanyarmu ta gargajiya ba ta taɓa tsayawa a kan suna ba. Auren baƙi da wasali, wato ba, be, bi, bo, bu, aikinsa shi ne ya nuna wa yaro abin da ke canzawa da abin da ke tsaye. Idan malami ya rufe wasalin da yatsa ya tambayi me ya rage a duka biyar ɗin, yaron ya isa ga ƙwayar sautin ta hanyar kwatanci. Makarantar allo ma haka ta tsara: babbaƙu tukuna, inda yaro ke riƙe alu, ambaki, wau, zal, sannan farfaru, inda wasali bisa, wasali ƙasa da rufu'a ke shigowa. Babu alaramman da ke ɗaukar mai babbaƙu a matsayin wanda ya iya karatu. Kuskuren dg kuwa, baƙaƙensa daidai suke, wasali ne ya ɓace, kuma ƙa'ida ɗaya ke gyara shi. Wannan ya sha bamban da rubuta g a wurin ji.

5.0 Iyakar abin da za a iya da'awa

A nan ya wajaba a rage faɗin magana. Binciken da aka dogara da shi a sama an yi shi ne a kan Ingilishi da Ibrananci, galibi da ƙananan rukunonin yara, don haka abin da yake ba mu dalili ne na kyautata zato, ba hukunci ba. Akwai kuma shaidar da ke jan kunne: Sargiani, Ehri da Maluf (2022) sun tarar a Brazil cewa yaran da aka koya wa farfasa gaɓa zuwa baƙi da wasali sun fi waɗanda aka koya wa gaɓar dunƙule. Wannan gargaɗi ne kai tsaye ga ajin da ke rera ba, be, bi, bo, bu da ka, ba tare da ido ya bi harafi ba. Rufaffiyar gaɓa ma tana tona asirin suna: a hanci, ƙarfe ko kaska, baƙin da ya rufe gaɓar ba shi da wasali, kuma wanda bai san n sai a matsayin "na" ba zai ce "hanaci". Masu ajami sun tanadi ɗauri don wannan gurbi. Boko ba shi da alama, sai dai koyarwa.

Saboda haka abin da ake karewa a nan ya taƙaita ga wannan: sunan Hausa ƙofa ce mai kyau zuwa sauti, muddin an koyar da su tare a darasi ɗaya, kuma aka raba baƙi da wasalinsa tun da wuri, kafin a kai ga rufaffiyar gaɓa.

Game da reshe na uku, wato nauyi, yaran da karatu ke ba wuya su ne ma'auni. Piasta da Wagner (2010) sun ga cewa idan aka koyar da suna da sauti tare, har yaran da ke da raunin rarrabe sautuka sun amfana da alamar da ke cikin sunan, abin da ba su iya yi da kansu ba in an bar su. Mai yiwuwa ne wannan ya fi muhimmanci a Hausa, inda b, d, ɓ da ɗ ke kama da juna a ido, k da ƙ kuma ƙugiya ce kawai ta raba su. Yaron da ya kai aji uku yana rikita su yana buƙatar abin da zai kira kowannensu da shi, shi da malaminsa, don a iya cewa wannan ɗa ne ba da ba, ɗaki ne ba daki ba. Irin wannan yaro ba a bi da shi bisa jerin abacada. A fara da a, m, n da s don ya karanta nama, sama da masa a kwanakin farko, a nisanta darasin b da na d, kuma kada a ɗauki iya rera jeri a matsayin shaida sai an nuna masa haruffan a warwatse. Rahoton Rose kansa, wanda ake yawan kafa hujja da shi, bai haramta koyar da sunaye ba.

6.0 Kammalawa

Gyaran da ake buƙata a littattafan jagoran malami bai kai yadda ake zato ba. A darasin Hausa a fitar da sunayen Ingilishi gaba ɗaya, a bar su sai yaro ya kama karatu da harshensa, sannan a gabatar da su a darasin Ingilishi a matsayin na wani harshe. A bar wa malami ba, ca, da, a kuma horar da shi yadda zai cire wasalin a gaban yara, ya maye shi da wani, ya rufe gaɓa da baƙin. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi kuwa suna da aiki a gabansu: gwajin da zai kwatanta ajin sauti zalla da ajin suna da sauti, a auna su da sababbin kalmomi masu rufaffiyar gaɓa. Kafin a sami wannan sakamako, babu hujjar da ta isa a hana malamin Hausa kiran harafi da sunan da harshen ya ba shi.