Ladabin Shiga Kwalekwale da Kiyaye Rai a Kan Ruwa

Idan a Bader Gula aka haife ka, ko a wani gari na ƙasar Dakoro, ruwan da ka saba da shi shi ne na rijiya, da na tabki, da wanda ke kwanciya a kwarin Tarka da damina ya ƙafe da rani. Babu kogi kusa, balle teku. Shi ya sa mutane da yawa ke girma har su yi furfura ba su koyi iyo ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Amma ci-rani da fatauci da kiwo sukan fitar da mutum daga gida. Wata rana za ka tsinci kanka a bakin tabkin Madarunfa, ko a Gulbin Maraɗi lokacin da ya cika, ko a kogin Neja wajen Gaya da Yawuri, ko ma a bakin teku a Legas, Kwatano ko Lome. A can kai baƙo ne, ruwa kuma yana da nasa dokoki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a duniya, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi asara. A wannan shekarar ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa.

Me ke kifar da kwalekwale?

Ka ɗora akushi a kan ruwa, ka sa dutse a tsakiyarsa: zai zauna daram. Ka matsar da dutsen gefe guda: zai karkace ya sha ruwa. Haka kwalekwale yake. Gindinsa siriri ne, don haka yana son nauyi ya zauna ƙasa kuma a tsakiya. Mutum ɗaya da ya miƙe tsaye ya ɗaga nauyin sama. Mutum uku da suka leƙa gefe guda sun mayar da nauyin gefe.

Abu na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi. Duk mutumin da ya ƙaru, duk buhun da aka ɗora, jirgi na ƙara nutsewa, tazarar na raguwa. In ta rage kamar faɗin tafin hannu, ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta shigo. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma ruwan da ya shiga ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana gangarawa gefen da ya karkata ya ƙara danne shi.

Ranar 30 ga Nuwamban 2021 wani jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari, a Bagwai ta jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara ƴan makaranta. An cika shi fiye da ƙima. A watan Mayu na wannan shekarar wani jirgin ya dare a kogin Neja kusa da Wara ta jihar Kebbi, ɗauke da mutum fiye da 150, kaɗan ne suka tsira. A Yunin 2023, kusa da Patigi ta jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka rasu suna komowa daga biki cikin dare. Waɗannan duka hanyoyi ne da mutane suka saba bi.

A mashigi

Ladabi na farko shi ne haƙuri. Kada ka yi rububi kamar wanda ke neman wuri a motar ranar kasuwa. Ka bari waɗanda ke ciki su gama fita. Ka gai da mai fito, ka tambaye shi mutum nawa jirginsa ke ɗauka, ka kuma gaya masa gaskiya idan ba ka iya iyo ba. Da ɗan gari akan ci gari: shi ya san inda ruwa ke juyawa, da inda kututture ke ɓoye, da inda dorina ke kwana.

Amma girmama mai fito ba shi ne ka ba shi ranka ba. Idan ka ga ya cika jirgi yana ta kiran wasu, ka sauka ka jira na gaba, ko da ka riga ka biya. Haka nan idan rana ta faɗi, ko hadari ya haɗo daga gabas, ko ka ga ana ta kwarfe ruwa tun ba a tashi ba. Za a yi maka dariya, a ce mutumin tudu ya ji tsoro. Ka bar su su yi.

Kafin ka shiga, ka tuɓe babbar riga da rawani da takalma masu nauyi, ka ɗaure su cikin kaya. Tufa idan ta jiƙe tana naɗe hannu da ƙafa. Kada ka rataya jaka mai nauyi a wuya. Idan akwai rigar ceto, wato rigar nan mai soso da ke hana mutum nutsewa, ka sa ta ka ɗaure igiyoyinta tam. Wadda aka ajiye ƙarƙashin benci ba ta ceton kowa. Inda babu ita, jarka ta lita 20 da ba kome a ciki, an toshe bakinta sosai, tana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa. Ba ta kai riga ba, domin sai da ƙarfin hannu ake riƙe ta, amma ta fi babu.

Ke kuma uwa, kada ki shiga jirgi da goyo a baya. Ki mayar da yaron gabanki, inda kike ganin fuskarsa.

A cikin jirgi

Ana shiga ɗaya bayan ɗaya. Ka taka tsakiya, ka sunkuya, ka dafa gefe biyu, ka zauna inda aka nuna maka. Daga nan ba tashi, ba sauya wuri, ba kokawar wasa, ba miƙa hannu a tsinko bado. Awaki da tumaki a ɗaure ƙafafunsu a kwantar da su a tsakiya. Idan jirgi ya yi tangaɗi, zuciyarka za ta ce ka miƙe ka gudu gefen da ya ɗaga. Kowa ma haka tasa za ta ce, kuma wannan gudun tare shi ke kifar da shi. Ka ƙara duƙawa ƙasa, ka saurari matuƙi.

Idan duk da haka ya kife, kada ka rabu da shi. Jirgin katako da ba shi da inji ko kaya masu nauyi yawanci yakan ci gaba da yawo a saman ruwa, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum ɗaya. Ka saki kaya. Idan babu abin kamawa, ka kwanta rigingine, ka buɗe hannuwa da ƙafafu, ka ɗaga haɓa, ka yi numfashi a hankali.

A bakin teku

Teku ba tabki ba ne. Ruwansa na zuwa da igiyoyi masu ƙarfi, su fashe a bakin yashi su koma. A gaɓar Legas, Kwatano da Lome wannan fashewar tana da ƙarfi ƙwarai, har masunta da suka gaji sana'ar sukan tsaya su ƙirga igiyoyi kafin su tura jirgi.

A wasu wuraren shaƙatawa za ka ga wani ɗan siririn jirgi na mutum ɗaya ko biyu, ana tuƙa shi da sanda mai faɗi a kai biyu. Sunansa kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne, mazauna ƙasashen ƙanƙara na Girinlan, Kanada da Alaska, waɗanda suka riƙa yin sa da fatar dabbobin ruwa don farauta. Yanzu akasari da roba ake yin sa, wasu kuma na wasan hawan igiyar ruwa da shi. Masu wannan wasa suna da ladabinsu, wanda ya yi kama da na bakin rijiya, inda kowane garke ke jiran layinsa. Igiya ɗaya ta mutum ɗaya ce, kuma wanda ya fi kusa da inda ta fara fashewa shi ke da ita. Ba a tsoma masa kai a gaba. Mai fita zuwa cikin teku shi ke kauce wa mai tahowa a kan igiya, domin mai tahowa ba shi da birki. Sabon shiga ya nemi wurin da igiyoyi ƙanana ne, nesa da masu wanka da tarun masunta, da rigar ceto da hular kare kai, kuma tare da wanda ya iya. Idan ka faɗo, kada ka tsaya tsakanin jirgin da tudu: igiya ta gaba za ta maka maka shi, ga shi cike da ruwa. Ka tsaya ta wajen teku, ka riƙe bakinsa.

Inda akwai masu tsaron baki, tuta ja tana nufin kada a shiga. Tsakanin tutoci masu ja da rawaya wurin masu wanka ne, ba a kai jirgi can.

Babban mayaudari a teku shi ne wurin da ya fi kama da lafiya. Ruwan da igiyoyi suka turo yakan taru ya koma ta wata siririyar hanya da gudu. Wurin yakan yi duhu, ba kumfa, ya yi lif kamar tabki, sai baƙo ya zaɓe shi. Idan ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman tudu kai tsaye, gajiya za ka yi. Ka yi rigingine, ka ɗaga hannu a gan ka. In ka iya iyo, ka bi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ka fita daga hanyar.

Idan wani ne ruwa ya ɗauka

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Idan kai ka miƙa masa jikinka, kai zai kama ya danne. Ka yi kururuwa a zo. Ka kwanta rub da ciki a gaɓa ka miƙa masa sanda, ko ka warware rawaninka ka jefa masa bakinsa, ko igiyar guga, ko jarka. Wannan ya shafi tabkin bayan garinku ma, inda yara ke kai dabbobi shan ruwa da damina. Yaron da ke nutsewa sau da yawa ba ya ihu, don haka a sa babba ya tsaya yana kallo.

Idan an fito da shi, kada a rataye shi kai ƙasa, kada a danna masa ciki wai don a fitar da ruwa. Wannan ɓata lokaci ne, kuma yana jawo amai ya shiga huhu. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a duba ko yana numfashi. In ba ya yi, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau 5. Sannan a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa har ya farfaɗo ko ma'aikacin lafiya ya iso. In yana numfashi, a juya shi kan haƙarƙarinsa, a tuɓe jiƙaƙƙun tufafi a lulluɓe shi da busasshe. Ko da ya tashi yana magana, a kai shi gidan likita a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya hana shi numfashi bayan wasu awoyi.