Kwamitin mutum 11 da ke sauraron kukan yaran Afirka

Da sassafe mahaɗar Ndokoti a Duwala ba masaka tsinke. 'Yan bensikin, wato 'yan acaɓa, na ta kwasar ma'aikata zuwa yankin masana'antu na Bassa, inda kamfanin cakulan na Chococam da masaƙar CICAM suka kafu. A bakin titi kuwa akwai wasu ma'aikatan da sunansu ba ya cikin rajistar kowa: yara masu tallar ruwan leda da gyaɗa da dafaffen ƙwai. Irinsu ne a Kasuwar Kongo da lungunan unguwar Hausawa ta New Bell. Dokar ƙwadagon Kamaru ta 1992 ta sa shekara 14 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga aiki. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, idan gwamnati ta yi sakaci da haƙƙin yaro, akwai inda ake kai ƙararta a wajen ƙasa: Kwamitin Ƙwararru na Afirka kan Haƙƙin Yara da Jin Daɗinsu, wanda ake taƙaita sunansa da ACERWC.

Tushen kwamitin ya faro ne daga birnin Monrobiya a 1979, lokacin da shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka fitar da sanarwa kan haƙƙin yaron Afirka. Sanarwa ce kawai, ba ta ɗaure kowa ba. Waɗanda suka matsa lamba har ta zama doka masu fafutuka ne, musamman ƙungiyar ANPPCAN da aka kafa a Inugu a 1986. A 1988 ta haɗa kai da UNICEF suka kira taro a Nairobi don duba daftarin yarjejeniyar yara da Majalisar Ɗinkin Duniya ke shiryawa. Ƙorafin mahalarta shi ne ƙasashen Afirka ƙalilan ne suka zauna aka yi rubutun da su, shi ya sa auren wuri, sa yara bara da halin yara ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata ba su sami kulawar da ta kamata ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tata yarjejeniyar a ranar 20 ga Nuwamba 1989. A watan Yulin 1990, a Adis Ababa, Afirka ta amince da tata, wadda ta tanadi kafa wannan kwamiti.

Ta Afirkar ta fi tsauri a wurare da dama. Duk wanda bai cika 18 ba yaro ne, babu togaciya. Ta haramta sa yaro cikin yaƙi, alhali ta duniya ta tsaya a shekara 15. Sashe na 21 ya sa 18 a matsayin shekarun aure, na 29 ya hana amfani da yara wajen bara, na 11 kuma ya ce ɗalibar da ta yi ciki a ba ta damar ci gaba da karatu. Akwai kuma sashe na 31, wanda iyayenmu za su yi na'am da shi: yaro ma yana da nauyi a kansa, na girmama iyaye da manya da taimaka musu.

Sa hannu ya yi sauƙi, tabbatarwa ce ta yi tafiyar hawainiya. Ana buƙatar ƙasashe 15 kafin yarjejeniyar ta fara aiki, ba ta kuwa fara ba sai ranar 29 ga Nuwamba 1999. Kamaru ta shiga a 1997, Najeriya a 2001. A taron Lusaka na Yulin 2001 aka zaɓi mambobi 11 na farko, suka yi zamansu na farko a 2002 ƙarƙashin mai shari'a Joyce Aluoch ta Kenya, kuma akwai ɗan Kamaru, Rodolphe Soh, a cikinsu. Shekarun farko na ƙunci ne, kuɗi kaɗan, ma'aikata kaɗan. Sai a 2007 kwamitin ya sami sakatariyarsa, Mariama Cissé 'yar Nijar, a 2008 kuma ya fara duba rahotannin ƙasashe, da na Masar da Najeriya. Lauya Maryam Uwais na cikin 'yan Najeriyar da suka zama mambobinsa.

Hanyoyin aikinsa uku ne. Yana karɓar rahoton kowace ƙasa, na farko cikin shekara biyu, sannan duk bayan shekara uku, ƙungiyoyi kuma su kawo nasu rahoton a gwada. Yana zuwa bincike da kansa. Yana kuma karɓar ƙara daga mutum ko ƙungiya, kuma wannan hanyar ce ta fito da sunansa. Hukuncinsa na farko, a Maris 2011, ya ce Kenya ta zalunci yaran ƙabilar Nubiya da take ja wa rai wajen ba su shaidar zama 'yan ƙasa.

Shari'ar da ta fi kusa da zuciyar Bahaushe ita ce ta almajiran Sanagal. A 2012 Cibiyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Jami'ar Pretoriya da ƙungiyar RADDHO ta Dakar suka kai ƙara a madadin yara kusan 100,000 da ake tura su bara. Kwamitin bai soki karatun allo ba. Abin da ya kama gwamnati da shi shi ne tana da dokar hana sa yara bara tun 2005 amma ba ta aiki da ita, ya kuma nemi a tsara makarantun, a hukunta masu cin zalin yara. A tsakiyar 2016 gwamnati ta fara kwashe yara daga titunan Dakar. Ƙungiyar Human Rights Watch ta bi diddigi: a shekarar farko an kwashe fiye da 1,500, amma fiye da 1,000 an mayar da su hannun malaman da suka fito daga wurinsu.

Kamaru ma ta gurfana. A 2012 aka yi wa wata yarinya 'yar shekara 10 fyaɗe a Bamenda. Danginta suka kai ƙara, mai binciken shari'a ya kori maganar. A 2015 ƙungiyar IHRDA mai mazauni a Banjul da Finders Group Initiative ta cikin gida suka ɗauki maganar zuwa kwamitin. A 2018 ya yanke cewa gwamnati ta gaza yin binciken da ya wajaba a kanta, ya nemi a gurfanar da wanda ake zargi, a biya yarinyar diyyar sefa miliyan 50, a kuma horar da 'yan sanda da alƙalai kan irin wannan shari'a.

Kwamitin ba shi da ɗan sanda ko kurkuku, don haka ba a auna nasararsa da yawan hukunci, sai da abin da ya biyo baya. Malawi ce misalin da ake yawan kawowa: an kai ta ƙara saboda tsarin mulkinta ya tsayar da yarinta a shekara 16, ta nemi sulhu a 2016, a 2017 majalisarta ta mayar da shi 18. A Kamaru lamarin rabi da rabi ne. Dokar laifuka ta 2016 ta tanadi hukunci ga wanda ya aurar da wanda bai kai 18 ba, amma dokar rajistar jama'a ta 1981 ta ba da damar aurar da yarinya a 15. Domin a sami ma'auni ɗaya, kwamitin ya fito da Ajandar 2040 a 2016, mai buri goma, ya kuma yi bitar shekaru biyar na farko. A Disamban 2020 ofishinsa ya tashi daga Adis Ababa ya koma Maseru a ƙasar Lesoto. Aƙalla ƙasashe 50 cikin 55 sun tabbatar da yarjejeniyar.

Ma'aunin da ya fi taɓa iyaye a New Bell shi ne takardar haihuwa, wadda sashe na 6 ya wajabta. Binciken lafiya da ƙidayar jama'a na 2018 ya nuna kashi 62 cikin ɗari ne kawai na yaran Kamaru 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista. Matsalar kan fito fili a ajin ƙarshe na firamare, ranar da malami ya ce a kawo takarda don jarrabawar CEP. Uban da ya yi suna ya yanka rago amma bai leƙa ofishin magajin gari cikin wa'adi ba, sai ya tsinci kansa a kotu, yana neman shaidu da takardar likita mai ƙiyasta shekarun yaron, ga kuɗin hatimi. Wasu yaran daga nan karatunsu ke tsayawa. A Disamban 2024 Kamaru ta yi sabuwar dokar rajistar jama'a da ta buɗe ƙofar yin rajista ta kwamfuta, kuma adadin yaran da za su sami takarda a ƙarƙashinta na cikin abin da gwamnati za ta yi wa mutum 11 ɗin nan bayani a rahotonta na gaba.