Gyara Daga Nesa: Tarihin Kula da Layin Sadarwa Daga Kafanchan Zuwa Manchok

Sadarwar zamani ta shigo kudancin Kaduna ne tare da layin dogo, domin lokacin da layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya haɗe da Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos a shekarar 1927, Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, Kagoro da Manchok kuwa suka zama tashoshi a kan hanyar hawa tsaunukan Filato. A gefen dogon an kafa turaku ɗauke da wayar tangarahu, wadda shugaban tasha yake sanar da maƙwabcinsa tasowar jirgi ta cikinta. Da yake wayar daban take da dogon, ko da ruwa ya cinye gada ana iya aika labari, amma idan ita kanta wayar ta tsinke, sai ma'aikaci ya bi turaku da ƙafa har ya gano inda ta yanke.

Sashen gidan waya da tangarahu, sannan kamfanin NITEL da aka kafa a 1985, duk sun gaji wannan tsari na zuwa da kai, kuma bai sauya sosai ba sai bayan da wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a 2001. A Kafanchan, Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 kuma take da mazauni a unguwar Bayan Loko, ta samar da ZittNet, wato tsarin rarraba intanet ba tare da waya ba, wanda a lokacin yake karɓo saƙo daga tauraron ɗan'adam ya watsa shi ta doguwar hasumiya, yana dogaro da batura da hasken rana saboda rashin tsayayyar wutar lantarki. Irin wannan aiki ne ya kawo wa yankin sabar, wato kwamfutar da take yi wa sauran kwamfutoci hidima dare da rana, wadda galibi mai kula da ita ba ya zaune kusa da ita.

Hanyar da ake shiga sabar daga nesa ita ce SSH, manhajar da Tatu Ylönen ya ƙirƙira a ƙasar Finland a 1995 domin maye gurbin Telnet, wadda take aika kalmar sirri a fili. Da ita injiniya yake rubuta umarni daga Kaduna ko Abuja, na'ura ta aiwatar a Manchok, sai dai duk umarnin yana bi ne ta mashigar sadarwa, wato sashen da yake haɗa sabar da sauran duniya. A nan matsalar take, domin idan aka sauya adireshin na'ura, sau da yawa sai an kashe mashigar an sake kunna ta kafin sauyin ya kama. A tsarin Debian, injiniyan da ya rubuta umarnin kashe mashiga na ifdown shi kaɗai zai ga allonsa ya sandare nan take, ba kuma zai sami damar rubuta umarnin kunnawa na ifup ba, kamar mai yasar rijiya da ya kwance igiyar da zai fito da ita.

Daga irin wannan asara masu sana'ar suka fitar da ƙa'idojinsu. Suna haɗa umarnin kashewa da na kunnawa a layi guda, su gudanar da shi a cikin screen ko tmux, manhajojin da suke ci gaba da aiki ko da haɗin ya yanke. Da yake wannan ba ya ceton wanda ya yi kuskure a sabon adireshi, sukan riga su ajiye umarni da manhajar at, wanda zai mayar da tsohon tsari bayan 'yan mintoci idan ba a soke shi ba. Daga baya masu ƙera manhaja suka gina dabarar a cikin kayansu, inda netplan try na Ubuntu yake janye sauyi bayan daƙiƙa 120 idan ba a tabbatar da shi ba, commit confirmed na Juniper kuma bayan minti 10.

Kariya mafi ƙarfi ita ce hanya ta biyu da ba ta dogara da ta farko ba, kamar mashigar IPMI da aka fitar da ƙa'idarta a 1998, ko ƙaramin modem mai layin wani kamfanin waya dabam. Wannan tunani ya yi kama da yadda wayar tangarahu take daban da dogo, kuma a yankin da ruwan damina da tsawa da ɗaukewar wuta suke tsawaita kowace tafiya, kuɗin hanya ta biyu bai kai na yinin da makaranta ko asibiti za su yi babu sabis suna jiran wanda zai zo ya danna maɓalli ba.