Mafarkin Fir'auna da Rumbun da Babu Shi a Legas: Sake Duba Sura ta 41 da ta 47 a Littafin Farawa

Tsakure

Maƙalar tana ganin cewa jigon mafarkin shanu bakwai da zangarniyoyi bakwai shi ne wa zai riƙe hatsi idan fari ya zo. Sanin gaibu yana biye ne a baya. An kwatanta nassin Farawa da Suratu Yusuf, aka auna su da halin Hausawan Agege, waɗanda ke cin hatsin awo.

Bitar ayyuka

A 1953 Gerhard von Rad ya karanta labarin Yusufu a matsayin adabin hikima, ya ɗauke shi abin koyi ga ma'aikacin fada. Wannan karatu ya dace da sura ta 41, inda Yusufu ya ba da shawarar a karɓi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona. A sura ta 47 kuwa, talakawan Masar sun ƙarar da kuɗinsu wajen awo, suka ba da dabbobi, daga baya gonaki da kawunansu, aka bar wa firistoci kaɗai filayensu. Hikimar da ta ƙare a haka tana buƙatar a tuhume ta. 

Sakamako

Bambancin da ya fi ɗaukar hankalina yana wurin ajiya. A Farawa, hatsi na taruwa a birane ƙarƙashin ikon Fir'auna. A aya ta 47 ta Suratu Yusuf, manoma aka umarta su bar abin da suka girbe a cikin zangarniyarsa. Duk wanda ya taɓa jera damman gero a rumbu ya san dalili: wanda ba a sussuka ba ya fi jure ƙwari. Ajiyar farko ta mai mulki ce, ta biyu ta fi kusa da hannun mai noma.

Bahaushen Zangon Agege, wanda kakanninsa suka zo fataucin goro, ba shi da rumbu. Tuwonsa yana rataye ga buhun da tirela ta ɗauko daga kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano. Saboda haka a fagen hatsi matsayinsa na mutanen sura ta 47 ta Farawa ne, ko da kuwa a wurin tafsirin azumi ya ji labarin. Da hukumar yaƙi da rashawa ta Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a Dawanau cikin Fabrairun 2024 bisa zargin ɓoye abinci, gardamar da ta biyo baya ita ce dai ta Masar: ina tanadi ya ƙare, ina ɓoyo ya fara?

Iyakar bincike

Nassi aka nazarta, ba a yi hira da 'yan kasuwa ba. Mai son musa sakamakon sai ya fara daga nan, amma ya karanta sura ta 47 tukuna.