Majigin Yaƙi a Gwalkwas

Majigin yaƙi shi ne finafinan farfaganda da Turawan Ingila suka riƙa haskawa a ƙasashen da suke mulka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen Colonial Film Unit ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in kiwon lafiya a Najeriya. A Gwalkwas, wato Gana ta yau, motocin majigi kan shiga gari da yamma, tafinta na bayani da lasifika, ana neman sojoji da gudummawar kuɗi.

Wasu finafinan Turawa na lokacin sun jingina kishin ƙasa da addini. Fim ɗin Mrs. Miniver na 1942 ya ƙare da wa'azin limamin Kirista cikin majami'ar da bam ya rusa, inda ya ce yaƙin na kowa ne. A Gwalkwas kuwa, don jan Musulman zango, hukuma ta dogara da sarakuna, limaman bariki da shirye-shiryen Hausa na gidan rediyon ZOY da ke Ankara, babban birnin ƙasar. Hausa ce kuma harshen bariki a rundunar Gwalkwas.

Unguwar Nima, ɗaya daga cikin zangunan Ankara, ta bunƙasa a shekarun yaƙin saboda kusancinta da sansanonin soja. Sojojin ƙasar sun yi yaƙi a Habasha da Bama. Bayan yaƙin, rashin cika alkawuran da aka yi musu ya jawo zanga-zangar 28 ga Fabrairu 1948, inda 'yan sanda suka harbe tsofaffin sojoji uku.